Turjiyar doki a filin tsallake shinge: dalilanta da yadda ake magance ta

A gasar tsallake shinge, doki ɗaya ne ke shiga fili a lokaci guda. Sauran suna waje, kusa da ƙofa, suna jiran layinsu. Wannan tsari ne ke fito da wata ɗabi'a da mahaya suka daɗe suna kuka da ita, wato doki ya ƙi yin nisa da 'yan'uwansa. Da zarar an juya kansa zuwa ƙarshen fili sai ya rage gudu, ko ya cije, ko ya ja da baya. Idan kuwa aka fuskanci ƙofa sai ya ƙara wuta tamkar an kira shi. Wani har yakan kauce wa shinge ya nufi inda dawakai suke, wani kuma ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya.

Abin da doka ta ce

Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, tana lissafa turjiya cikin laifuffukan rashin biyayya, tare da ƙin tsallake shinge da kauce masa. A tsarin da aka fi amfani da shi, karo na farko yana jawo maki 4 na laifi, daidai da kayar da sandar shinge, karo na biyu kuma a fitar da mahayi. Haka nan dokin da ya shafe daƙiƙa 45 a jere yana turjiya ya fita daga gasar. Ke nan wahalar shekara guda tana iya zubewa a bakin ƙofa.

Daga ina take tasowa?

Doki dabbar garke ce. A daji, wanda ya ware shi ne abincin namun dawa, don haka komawa cikin 'yan'uwa halitta ce a jininsa, musamman idan yana ƙarami ko ya zo baƙon wuri. Dokin da bai saba fita ba sai cikin ayari, kamar yawancin dawakan kilisa da na hawan salla a ƙasar Hausa, shi ya fi saurin nuna hakan ranar da aka ware shi.

Dalili na biyu ciwo ne. Sirdin da ke matse baya, haƙori mai kaifi da ke yankar kunci, gyambon ciki, ko ciwon kofato, kowannensu na sa doki ya tsani tsalle ya nemi mafita. Dokin da a da ba ya gardama, rana ɗaya ya fara, ciwo za a fara zargi.

Na uku shi ne abin da mahayi ya koya masa ba da saninsa ba. Doki yana maimaita duk abin da ya kawo masa sauƙi. Idan kullum a bakin ƙofa ake tsayawa hira, a sassauta majayi, a sauka, to an sanar da shi cewa hutu yana wajen 'yan'uwansa. Idan kuma ya cije sau ɗaya mahayi ya haƙura ya mayar da shi barga, ya gane cewa cijewa tana biya.

Hanyoyin magancewa

Matakin farko shi ne likitan dabbobi ya duba baya da baki da ƙafafu, a kuma gwada zaman sirdi. Horo ba ya warkar da ciwo.

Daga nan sai a ajiye shinge a koma kan tushe, wato doki ya amsa ƙafar mahayi. A matsa a hankali. In bai motsa ba a ƙara ƙarfi. In ya ƙi, a taɓa shi da bulala sau ɗaya a bayan ƙafar mahayi. Da ya ɗaga ƙafa gaba, nan take a saki matsin. Sakin nan shi ne darasin, kuma jinkirinsa ke ɓata shi.

Sai a juya masa lissafi. A riƙa ba shi aiki kusa da sauran dawakai, yana zagaye da sassarfa, a kai shi can nesa ya huta, a shafa wuyansa, a sauka a can. Sannu a hankali zai daina ganin ƙofa a matsayin wurin hutu.

Idan aka dawo kan tsalle, a fara da sanduna a ƙasa da ƙananan shingaye waɗanda zai iya haurawa ko daga tsaye. A fara tsallakawa ana fuskantar dawakai, sannan a gicciye, daga ƙarshe ana ba su baya. Tsohon doki mai natsuwa yana iya wucewa gaba a kwanakin farko, a riƙa ƙara tazara har ƙaramin ya iya shi kaɗai.

A wajen kwana ne aka fi kuskure. Doki mai turjiya da kafaɗa yake sulalewa zuwa ƙofa. Mahayin da ya ja linzamin ciki da ƙarfi wuyan kawai ya lanƙwasa, kafaɗar kuma ta samu hanya. Abin yi shi ne a riƙe linzamin waje, a tokare da ƙafar waje, ido yana kan shingen da ke gaba. Idan doki ya fara alamar miƙewa, a juya shi ƙaramin zagaye kafin ya tashi. In ya riga ya tashi, a saki linzami a duƙa gaba, domin ja a wannan hali na iya kifar da shi a kan mahayi. Linzami mai tsanani, irin na gargajiya da ake zamiya da shi, yana ƙara wannan haɗari.

Ranar gasa kada a bar shi tsaye cikin taron dawakai har a kira shi. A shiga da kuzari, a yi amfani da daƙiƙa 45 da ake bayarwa bayan ƙararrawa a wuce da shi ta gaban ƙofa. Bayan shinge na ƙarshe a yi zagaye ɗaya kafin a fita da tafiya.

Iyakar bulala

A gasar Olamfik ta Tokyo, a watan Agustan 2021, Bajamushiya Annika Schleu tana kan gaba a gasar wasanni biyar lokacin da dokin da ƙuri'a ta ba ta, Saint Boy, ya turje. Ta yi ta bulala tana kuka, mai horar da ita Kim Raisner ta naushi dokin, aka kore ta daga gasar, Schleu kuma ta rasa lambar. Daga baya hukumar wasan ta yanke shawarar cire hawan doki bayan gasar Faris ta 2024. Minti 20 kacal aka ba mahayiyar ta saba da dokin. Wanda ke da doki a bargarsa yana da makonni da watanni, kuma turjiyar da ta daɗe tana ginuwa sai da irin wannan lokaci take warwarewa.