Gwajin ƙarfin garkuwar jikin kare

Gwajin ƙarfin garkuwa bincike ne da likitan dabbobi ke yi a jinin kare don auna yawan sinadaran kariya da jikinsa ya samar bayan allurar rigakafi. An fi dogara da shi a cututtuka uku: distempa, fabo da ciwon hanta mai yaɗuwa. Idan kariyar na nan, ba sai an maimaita allurar ba. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta amince da hakan. Gwajin yana da amfani ƙwarai ga kwikwiyo, domin kariyar da ya tsotsa a nonon uwa kan hana allura kamawa.

Haukan kare kuwa daban ne. Tarayyar Turai na neman sakamakon aƙalla 0.5 IU/ml daga karnukan wasu ƙasashe kafin su shiga yankinta, amma gwajin ba ya maye gurbin allurar da doka ta wajabta.