Doguwar Tafiya da Ƙananan Yara a Mota: Abin da Iyaye Ya Kamata Su Sani

Iyalai daga Karofi, Dutsin-Ma da Kurfi sukan ɗauki hanya da yaransu zuwa Katsina, Kano, Zariya ko Kaduna domin biki, suna ko ziyarar salla. Tafiyar da babba yake jurewa tana iya galabaitar da yaro, domin jikinsa ya fi saurin ɗaukar zafi da rasa ruwa.

Kafin ku tashi

Idan yaro yana zazzaɓi, amai ko gudawa, ku fara kai shi asibiti a duba shi. Ku ɗauki katin rigakafinsa. A damina, idan tafiyar ta faɗo cikin kwanaki 3 na shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, ku tafi da ragowar ƙwayoyin don kada a tsallake rana. Ku yi sammako domin ku isa da rana; tafiyar dare tana tattare da gyangyaɗin direba da matsalar tsaro.

Kayan da za ku riƙe a jakar hannu

- Ruwan sha mai tsafta wadatacce
- Gishirin ORS da ƙwayar zinc
- Farasitamol na yara da cokalin awonsa
- Sabulu, kayan canji da leda saboda amai
- Gidan sauro, idan za ku kwana
- Magungunan da yaron yake sha kullum

Zama a cikin mota

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma kujerar yara ta mota tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100. Wurin yaro kujerar baya ne. Kujerar jariri tana fuskantar baya, a ɗaure da bel. Riƙe yaro a cinya ba kariya ba ce, domin idan mota ta yi karo hannun uwa ba zai iya riƙe shi ba. A motar haya, ku biya wa yaron da ya tasa kuɗin kujerarsa idan da hali, kada ku zauna gaba da jariri, kuma ku sauke goyo kafin ku shiga. Ku guji motar da aka yi wa lodi fiye da kima ko mai jarkar fetur a ciki.

Zafi da ƙishirwa

Daga Maris zuwa Mayu zafi a jihar Katsina yakan wuce digiri 40. Kada ku bar yaro a rufaffiyar mota ko da na minti kaɗan. Ku tsaya duk bayan awa 2 a sha iska. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai ya ishe shi. A yawaita shayar da shi, kada a ba shi ruwa. Sauran yara a riƙa ba su ruwa kafin su roƙa. Mai sikila ya fi kowa buƙatar wannan, saboda ƙishirwa da sanyin hunturu suna tayar da ciwon. Mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a kusa, a rufe gilashi idan ƙura ta taso.

Jiri da amai

Sun fi damun yara 'yan shekara 2 zuwa 12. A ba su abinci marar maiƙo kaɗan kafin tashi, su riƙa kallon gaba, a karɓe waya daga hannunsu. Kada ku ba yaro maganin barci ko na mura don ya yi shiru. Maganin amai irin furometazin yana da haɗari ga wanda bai kai shekara 2 ba.

Abincin hanya

Gara ku taho da dafaffen abinci daga gida. Fura da nono, zoɓo ko yankakkiyar kankana da suka daɗe a rana suna iya kawo gudawa. Kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa, aya ko dabino mai ƙwallo mota tana tafiya, saboda shaƙewa. Idan gudawa ta fara, a haɗa ORS yadda aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, a zubar da ragowar bayan awa 24. Ana ba da zinc sau ɗaya kullum na kwana 10 zuwa 14: miligiram 20, ko 10 ga wanda bai kai wata 6 ba.

Yaushe za ku nufi asibiti?

Ku karkata zuwa asibiti mafi kusa, kada ku jira sai kun isa, idan yaro:

- ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai
- ya yi jijjiga ko ya kasa farkawa sosai
- yana numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa yana lotsawa
- idanunsa sun zurma, fitsari ya ɗauke
- wuyansa ya sanƙare tare da zazzaɓi
- yana zazzaɓi alhali bai kai wata 3 ba

A yankinku akwai Babban Asibitin Dutsin-Ma, a Katsina kuma akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya. Idan haɗari ya auku, ku kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, ko lambar gaggawa 112. Allah Ya kai ku lafiya.