BABI NA UKU: TARIHIN MAGANIN KYAUTA NA KAMFANONI A KUDANCIN JIHAR KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yanayin ƙasa da sana'o'in mutanen ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. A wannan babi kuwa za a dubi tarihin yadda maganin da kamfanoni ke bayarwa kyauta ya riƙa isa hannun marasa ƙarfi a wannan yanki. Za a fi mayar da hankali a kan maganin Mectizan na cutar makantar kogi, domin shi ne ya fara buɗe wannan ƙofa. Abin da babin ke son nunawa shi ne, alkawarin kamfani shi kaɗai bai isa ya kai magani bakin talaka ba, sai da aka sami mai kaiwa daga cikin jama'a, kuma jama'ar suka amince da shi.

3.1 Halin da Talaka Ya Shiga Wajen Sayen Magani

A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki wanda aka fi sani da SAP. Darajar Naira ta faɗi, kuma da yake akasarin magunguna daga waje ake shigo da su, sai farashinsu ya tashi. Ya zamana maras lafiya zai je ɗakin shan magani a duba shi, a rubuta masa takarda, a ce ya tafi kemis ya saya. Wanda ba shi da hali sai ya ninke takardar ya koma gida.

A shekarar 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka yi taro a Bamako ta ƙasar Mali, inda suka amince da tsarin asusun magani mai juyawa, wato a sayar wa maras lafiya magani da sauƙi, a yi amfani da kuɗin a sake sayo wani. Wannan tsari ya dace da ciwon da ake warkewa cikin 'yan kwanaki, irin su zazzaɓi da gudawa. Amma akwai cutar da sai dukkan mutanen gari sun sha magani shekara da shekaru kafin a rabu da ita. Irin wannan cuta ta fi ƙarfin aljihun manomi.

3.2 Makantar Kogi da Yanayin Yankin

Makantar kogi cuta ce da wata tsutsa ke haddasawa, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke ɗauka daga jikin wani ya sa wa wani ta hanyar cizo. Wannan ƙuda yana hayayyafa ne a ruwa mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu. Uwar tsutsar takan zauna cikin ƙulli a ƙarƙashin fata, takan kuma rayu har kimanin shekara 15 tana haifar ƙananan tsutsotsi. Su ne ke yawo a fata suna jawo ƙaiƙayi mai hana barci da ɗabbare-ɗabbare a ƙwauri, idan kuma suka shiga ido sai gani ya yi ta raguwa har a makance.

Yankin da ake nazari yana da irin ruwan da ƙudan ke so. Kogin Kano da rassansa suna gangarowa ne daga tuddan kudu, wajen Riruwai, su ratsa dajin Falgore kafin su zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina a farkon shekarun 1970. Manoma da masunta da makiyaya da masu zuwa wanki a rafi su ne suka fi fuskantar cizon. Don haka waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suka shiga cikin waɗanda aka ware a Jihar Kano domin rabon magani.

3.3 Asalin Kyautar Mectizan

Asalin maganin daga wata ƙwayar halitta ce da masanin nan na ƙasar Japan, Satoshi Omura, ya samo a cikin ƙasa a shekarun 1970. Kamfanin Merck na Amurka, inda William Campbell yake aiki, shi ya sarrafa ta, aka fara sayar da maganin a 1981 domin kashe tsutsotsin dabbobi. A wannan shekarar ce kuma wani likitan kamfanin mai suna Mohammed Aziz ya fara gwada shi a kan masu makantar kogi a Dakar ta ƙasar Senegal.

Da maganin ya tabbata, sai wata matsala ta taso: masu buƙatarsa ba su da kuɗin saye. A watan Oktoba na 1987 shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya sanar da cewa za su bayar da shi kyauta, gwargwadon buƙata, kuma ba tare da ƙayyade lokaci ba. Aka kafa kwamitin ƙwararru a ƙarƙashin William Foege domin duba takardun neman maganin. Ba maras lafiya ne ke nema da kansa ba. Gwamnati ko wata ƙungiya ce ke rubutawa, ta nuna yawan mutanen da za a ba da kuma yadda za ta raba. Kamfanin yana kawo maganin har ƙasar da ta nema, daga nan kuma ɗawainiyar kai shi ƙauye ta koma wuyan wasu.

3.4 Daga Ɗakin Shan Magani Zuwa Ƙofar Mai Unguwa

Nijeriya ba ta cikin shirin feshin maganin ƙuda da aka fara a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma a 1974, saboda haka Mectizan ne ya zama babban makaminta. A farkon shekarun 1990 ma'aikatan lafiya ne ke fita da mota suna rabo. Wannan hanya ta ci kuɗi, sannan sau da yawa a kan isa gari a tarar mutane sun tafi gona ko kasuwa. Ga shi kuma maganin yana kashe ƙananan tsutsotsi ne, ba ya kashe uwar, don haka dole a maimaita shi kowace shekara har uwar ta mutu da kanta.

A 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu ƙungiyoyi suka kafa shirin APOC, mai hedkwata a Wagadugu. Daga 1997 shirin ya rungumi tsarin da ya danƙa rabon a hannun jama'a. A Jihar Kano ƙungiyar CBM ce ta tallafa wa Ma'aikatar Lafiya a kan wannan aiki. Magani yakan tashi daga ma'ajiyar jiha zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, zuwa ɗakin shan magani mafi kusa. Dagaci da masu unguwanni kan tara jama'a, a zaɓi wanda aka yarda da shi, a kuma tsayar da lokacin rabo.

Mai rabon ba ya buƙatar sikeli. Yana riƙe da sanda mai alamomi ne wadda ake auna tsawon mutum da ita, a ba shi ƙwaya daga 1 zuwa 4. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, haka nan mai juna biyu da wanda ke kwance ba lafiya. Ana rubuta kowane gida a littafi. A ƙasar Hausa inda ake kulle, zaɓen mace a cikin masu rabo yana da muhimmanci, domin baƙon namiji ba ya wuce zaure. Babban rauninsa shi ne, masu rabon ba su da albashi, kuma aikin kan ci musu lokacin nomansu.

3.5 Matsalar Amana

Tarihin Kano ya nuna cewa kyauta ba ta karɓuwa idan babu yarda. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Asibitin Zana da ke Kano, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan Dala miliyan 75. Wannan lamari yana cikin abubuwan da aka kafa hujja da su lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004.

Hausawa na cewa, idan maciji ya sari mutum, in ya ga tsumma sai ya gudu. A nan ne amfanin tsarin rabon ya fito, domin wanda ke miƙo ƙwayar ɗan gari ne, an san iyayensa, kuma shi da iyalinsa suna sha. Daɗin daɗawa, wanda ya sha yakan sami sauƙin ƙaiƙayi, wani ma ya fitar da tsutsar ciki, ya ga amfanin da idonsa.

3.6 Yadda Sauran Kamfanoni Suka Biyo Baya

A 1998 Merck ya faɗaɗa kyautarsa zuwa cutar tundurmi da gwaiwa, inda ake haɗa Mectizan da albendazole na kamfanin SmithKline Beecham, wanda daga baya ya koma GlaxoSmithKline. A shekarar ce kuma Pfizer ya fara bayar da Zithromax domin amosanin ido. A 2007 wani kamfanin Merck na daban da ke Jamus ya fara bayar da praziquantel domin tsargiya. An rufe APOC a 2015, shekarar da Omura da Campbell suka sami lambar yabo ta Nobel, aka maye gurbinsa da shirin ESPEN. A 2018 aka dakatar da rabo a jihohin Filato da Nasarawa saboda yaɗuwar cutar ta tsaya, sannan a Janairun 2025 Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da ita.

3.7 Kammalawa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa kyautar kamfani ta kawar da matsalar farashi, wadda ita ce ta fara raba talaka da magani. Amma sauran tafiyar, tun daga ma'ajiya har zuwa gidajen da ke bakin dajin Falgore, ma'aikacin ɗakin shan magani da mai unguwa da mai rabo ne suka ɗauke ta. Babi na gaba zai dubi rawar da sarakunan gargajiya da malamai suka taka wajen wayar da kan jama'ar yankin a kan harkokin lafiya.