Lulluɓin Murya: Ƙaunar Jinsi Ɗaya a Waƙoƙin Zamanin Barok

Daga cikin mas'alolin da masana tarihin kiɗan Turai suka daɗe suna taƙaddama a kansu akwai batun ko waƙoƙin zamanin da ake kira Barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750, sun ɗauki bayanin ƙauna tsakanin namiji da namiji, ko mace da mace, alhali kuwa shari'ar ƙasashen Turai ta ɗauki luwaɗi babban laifi, har a Ingila dokar 1533 ta yanke masa hukuncin kisa. Abin da nake riƙe da shi shi ne lalle sun ɗauka, sai dai ta hanyar kinaya da ishara, domin abin da harshe yake tsoron furtawa a bainar jama'a murya takan same masa mafaka.

Hujja ta farko tana cikin muryar kanta. Da yake an hana mata hawa dandali a wasu sassan ƙasashen Paparoma, kuma masu sauraro sun fi ƙaunar siririyar murya, sai aka riƙa dandaƙe yara maza tun kafin balaga, zaluncin da babu uzurin da zai wanke shi, har ya zamana a Roma babanni biyu su tsaya, ɗaya jarumi ɗaya amarya, suna rera begen juna da muryoyi masu kama ɗaya, mai kallo kuwa ya san sarai dukansu maza ne.

Hujja ta biyu tana cikin nassi. A wasan La Calisto na Cavalli, wanda aka fara nunawa a Venis a 1651, abin bautar Romawa Jupiter ya rikiɗe zuwa siffar allahiya Diana ya yaudari budurwa Calisto, ita kuwa ta kamu da so tana sakankance cewa mace take so, har ta je ta nemi Diana ta haƙiƙa da irin wannan shauƙi. Zahirin ƙissa yaudarar namiji ce, amma abin da kunne ya ji begen mace ne ga mace. Haka nan malama Ellen Harris, a littafinta na 2001, ta yi tahƙiƙin waƙoƙin da mai tsara kiɗa Handel ya tsara wa manyan Roma irin su Kadinal Pamphili da Ottoboni, ta lura cewa Pamphili ya kamanta shi da Orpheus, mawaƙin cikin tatsuniya, wanda marubuci Ovid ya ruwaito cewa bayan rasa matarsa ya karkata ga samari.

A nan ne fa ya wajaba ɗalibi ya yi hattara, gama tawili yana da haddi. Ishara a cikin waƙa ba shaida ba ce a kan rayuwar mai tsara ta, kuma mutanen wancan zamani ba su rarraba kansu da laƙabobin yau ba. Misali, mai tsara kiɗa Lully, wanda abin kunyarsa da wani yaron fada mai suna Brunet ya zubar masa da daraja wurin Sarkin Faransa a 1685, wasanninsa cike suke da soyayyar maza da mata. Ashe hali daban, aiki daban.

Saboda haka wanda ya musanta wannan ma'ana ɗungurungum ya tauye tarihi, wanda kuma ya hango ta a kowane baiti ya ɗora wa nassi abin da bai faɗa ba. Adalcin ilimi shi ne a karanta kalmomin, a san wanda ya rera da wanda aka rera wa, sannan a tsaya inda dalili ya tsaya.