ASUSUN DA BA A BUƊEWA: Birnin Gwari Da Tarihin Neman Majalisa Ta Yi Bayani

 Yau zan ɗan ajiye alƙalamin ƙagaggen labari gefe guda mu taɓa tarihi, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun da ta yi zafi, ya san yadda hira ke mutuwa a cikin mota da zarar an wuce Buruku, kowa ya koma salati a zuciyarsa. A wata irin wannan tafiya ce wani dattijo da muke kujera ɗaya ya dube ni ya ce, "Ɗana, na ga kana riƙe da jarida. Wai mutanen nan da muka tura Abuja, me suke faɗa a kanmu ne?" Na buɗe baki na rasa abin cewa, sai na ce, "Wallahi Baba, ni ma ban sani ba." Kunyar wannan amsa ce ta sa na koma bin tarihin majalisarmu, kuma abin da na tsinto ke nan zan zube muku.

DA CAN A KADUNA

Neman a yi wa talaka bayani ba yau aka fara shi ba. A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a zauren Majalisar Wakilan Jihar Arewa da ke Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e garambawul, saboda talaka ba shi da ta cewa a yadda ake mulkinsa. A wannan watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Abin lura shi ne, a majalisar Arewa ta wancan zamani ana muhawara da Hausa kamar yadda ake yi da Turanci.

Sai sojoji suka shigo a 1966 suka rufe majalisa har zuwa 1979, suka sake rufe ta a daren ƙarshe na 1983. In ka cire ɗan taƙaitaccen zaman da aka yi tsakanin 1992 da 1993, ba mu sake ganin majalisa ba sai 1999. Saboda haka muka tashi mun saba da a yi doka da dare mu ji ta a rediyo da safe, ba mu saba da tambaya ba.

A 1999 ɗin ne aka rantsar da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Kuma a shekarar ce aka ɗaga dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100. Wato daga lokacin kula da shi ya koma wuyan gwamnatin tarayya, kuɗinsa kuma sai ya bi ta hannun majalisa kafin ya fito. Ka riƙe wannan, mai karatu, za mu dawo kansa.

YADDA AKA JA LABULE

Tsarin mulki ya ba majalisa makamai biyu manya. Ba a taɓa kuɗin asusun tarayya sai da amincewarta, sannan sashe na 88 ya ba ta ikon bincikar duk wata hukuma da ta ba kuɗi. To amma wa zai binciki mai bincike?

A 2010 aka yi wa tsarin mulki gyara, kuɗin majalisa ya koma ana cire shi kai tsaye daga asusu. Manufar ita ce kada shugaban ƙasa ya riƙa juya 'yan majalisa da yunwa, kuma manufa ce mai kyau. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne, kasafin majalisa ya koma layi ɗaya tal a cikin kundin kasafin ƙasa. Daga 2011 zuwa 2014, duk shekara Naira biliyan 150, babu bayanin nawa aka sayi mota, nawa aka yi tafiye-tafiye. A ƙarshen 2010 ɗin ne Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya faɗa a Jami'ar Igbinedion cewa kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya majalisa ce ke lashe shi. Sanatoci suka kira shi suka titsiye shi, ya ƙi janye maganarsa.

A watan Oktoban 2012, ana tsakiyar shekarun biliyan 150 ɗin nan, 'yan bindiga suka afka wa Dogon Dawa da asuba suka kashe kimanin mutum 20.

Ƙungiyoyi irin su BudgIT da Enough is Enough suka ɗauki gangamin a buɗe kasafin majalisa. A watan Afrilun 2017 abin ya zo har gida, inda Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya ƙalubalanci Kakakin Majalisa Yakubu Dogara a wajen wani taro a Kaduna da su fito da kasafinsu, aka yi ta musayar yawu har kowa ya wallafa takardar albashinsa. A watan Mayu na shekarar, ƙarƙashin Bukola Saraki, majalisa ta fitar da rabe-raben Naira biliyan 125, dattawa kimanin biliyan 31, wakilai kimanin biliyan 49, sauran na ma'aikata da hukumominta. An yi murna, amma bayanin a dunƙule yake, bai nuna abin da ke shiga hannun mutum ɗaya ba.

SANATANMU YA FASA ƘWAI

A nan ne Birnin Gwari ta shiga tarihin. Ƙaramar hukumar tana cikin mazaɓar Kaduna ta Tsakiya a majalisar dattawa, a ta wakilai kuwa an haɗa ta da Giwa. Daga 2015 zuwa 2019 Kwamared Shehu Sani ne sanatan mazaɓar. A watan Maris na 2018 ya shaida wa mujallar TheNews cewa kowane sanata na karɓar Naira miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi da alawus na wajen Naira 750,000, ban da kuma ayyukan mazaɓu na kusan miliyan 200 a shekara. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne. Yi lissafi da kanka, kuɗin ofishin sanata ɗaya albashin ƙananan ma'aikata 750 ne.

A cikin wannan watan na Maris aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. Ranar 5 ga Mayu aka shiga Gwaska aka kashe aƙalla mutum 45, har ta kai Shugaba Buhari ya amince a kafa bataliyar soja a yankin.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce kuɗin sanata ne ya sayi bindigar ɗan ta'adda ba, kuma sanata ba ya ba soja umarni. Abin da nake cewa shi ne, majalisar da ke amincewa da kuɗin tsaro da na titi da na masu gadin Kamuku duk shekara, ita ce ke da haƙƙin bin sawun kuɗin. Wanda kuwa ya ɓoye nasa asusun, da wane baki zai ce wa hafsan soja ko ɗan kwangila ya buɗe nasa? Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Shehu Sani bai koma majalisa a 2019 ba. Ya rasa tikitin APC a cikin rikicinsa da gwamna, ya koma PRP ya sha kaye a hannun Uba Sani. Amma lambar da ya faɗa ta zauna a bakin jama'a.

MAI MAGANA SHI KE SHAN DUKA

Abin mamaki, yawancin masu ɗaga labulen nan 'yan Arewa ne, kuma kusan kowa ya ɗanɗana kuɗarsa. A 2016 Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji, tsohon shugaban kwamitin kasafi, ya zargi shugabannin majalisar wakilai da cushe a kasafin kuɗi. Suka musanta, aka dakatar da shi na kwanakin zama 180.

Ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe ɗalibai a Kuriga, kan wannan hanya tamu ta Birnin Gwari, waɗanda daga baya aka sako 137. Bayan kwana biyar, yaran na cikin daji, majalisar dattawa ta shafe zamanta kan Sanata Abdul Ningi na Bauci ta Tsakiya, wanda ya faɗa wa BBC Hausa cewa akwai wajen Naira tiriliyan 3 a kasafin 2024 da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Shugabannin majalisar suka ce kuɗin hukumomin da ake cire wa kai tsaye ne, aka dakatar da shi wata uku. Ko Ningi ya yi daidai ko ya yi kuskure, takarda ce ya kamata ta raba gardamar a gaban jama'a. A watan Agustan shekarar kuma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa duk wata ya kai Naira miliyan 21.

Ka lura, mai karatu, duk abin da muka sani daga bakin wani muka ji shi, ba daga kundin da doka ta tilasta a wallafa ba.

"MASU EH SUN YI RINJAYE"

Ba kuɗi kaɗai ake ɓoyewa ba, har da ƙuri'a. Yawancin dokoki da murya ake yanke su. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, marasa goyon baya su amsa, sai ya buga guduma. Ba suna, ba lissafi. Haka aka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas a watan Maris na 2025, alhali tsarin mulki na buƙatar kashi biyu cikin uku.

Amma tarihi ya nuna abin da haske ke yi. A 2006, lokacin tazarcen Obasanjo, gidan talabijin na AIT ya riƙa nuna muhawarar kai tsaye, kowane sanata ya san mutanen garinsu na kallonsa. Ranar 16 ga Mayu, a ƙarƙashin Ken Nnamani, ƙudurin ya mutu murus. Haka a watan Yulin 2021, da Sanata Enyinnaya Abaribe ya dage a kira suna ɗaya bayan ɗaya kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, washegari jaridu suka jero sunayen 52 da 28 da waɗanda ba su halarta ba. Ranar kowa ya san inda nasa ya tsaya.

A Ingila ma sai da aka kai ruwa rana. Wata 'yar jarida, Heather Brooke, ta shafe shekaru tana neman takardun alawus ɗin 'yan majalisa, har jaridar Daily Telegraph ta fallasa su a 2009. Kakakin majalisa Michael Martin ya sauka, wasu suka tafi gidan yari, aka kafa hukuma mai zaman kanta da ke wallafa abin da kowane ɗan majalisa ya karɓa.

MAKAMAN DA KE HANNUNMU

Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, bayan ta shafe fiye da shekara goma tana yawo, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar mai neman bayani. Akwai hukumar ICPC da ta fara bin sawun ayyukan mazaɓu a 2019, shekarar da Buhari da kansa ya koka cewa an kashe Naira tiriliyan 1 a shekara goma ba a ga tasirinta ba. Akwai kuma kiranye a sashe na 69, sai dai yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe, shi ya sa na Dino Melaye ya ruguje a 2018.

To amma duk waɗannan da Turanci suke, kuma a intanet. Manomin Kuyello ko Randagi fa? A ƙarshen 2021 har layukan waya aka toshe a yankin na kusan wata biyu saboda tsaro. Alhali sashe na 55 ya yarda a gudanar da harkokin majalisa da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi, tanadin da muke jira tun 1999. Abin da aka iya a Kaduna a 1950, an kasa shi a Abuja.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu da wasu 'yan bindiga, aka buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Muna roƙon Allah Ya ɗorar da zaman lafiya. Sai dai gyaran abin da ya rushe, makarantu da asibitoci da tituna, da kuɗin kasafi za a yi shi, kuma ta ƙofar majalisa zai bi.

Don haka idan masu neman ƙuri'a suka zo, kafin a karɓi atamfa da taliya, a tambaye su abu huɗu. Nawa kake karɓa, kuma ina rasit? Kwana nawa ka zauna a zaure? Wace ƙuri'a ka kaɗa a kan kowace babbar doka? Waɗanne ayyuka aka rubuta da sunan mazaɓarmu, a wane ƙauye, kuma wa aka ba kwangilar? A nemi ya karanto amsar da Hausa a rediyo, a kuma liƙa ta a sakatariyar ƙaramar hukuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in aka ce an haƙa rijiya a Dogon Dawa, ba sai an ɗauko mai bincike daga Abuja ba.

Ban sake haɗuwa da dattijon nan ba tun da muka rabu a tasha. In yana raye, wannan ce 'yar amsar da na samo masa, sauran kuwa tana wurin waɗanda muka tura. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a wannan daji, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa. Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu, in Allah Ya kai mu.