Shin kwamfutar hannu za ta iya maye gurbin kwamfutar cinya?

Kwamfutar hannu, wadda aka fi sani da tabilet, na'ura ce mai faffaɗan gilashi da ake sarrafawa da yatsa, kamar wayar salula amma ta fi ta girma. Ta bazu a duniya bayan kamfanin Apple na Amurka ya fitar da iPad a shekarar 2010, Samsung na Koriya ta Kudu kuma ya biyo baya da Galaxy Tab a wannan shekarar. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da kuɗin na'ura ɗaya kawai ke hannunsa, amsar tambayar ta dogara ne kan irin aikin da zai yi: ta isa ga karatu, sadarwa da ƙaramin lissafi, amma tana gazawa a aikin ofis mai nauyi.

Bambancin da ke tsakaninsu

Asalin bambancin yana cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kowace na'ura. Yawancin kwamfutocin cinya a Najeriya na amfani da Windows, yayin da na hannu ke amfani da Android ko iPadOS, waɗanda tushensu manhajar waya ne. Saboda haka Word da Excel da ake samu a kwamfutar hannu taƙaitattu ne, ba su ƙunshi dukkan abubuwan da ke cikin na Windows ba. Surface Pro na kamfanin Microsoft ya fita daban, domin yana ɗauke da cikakkiyar Windows, sai dai tsadarsa kan kai ta kwamfutar cinya ko ta zarce.

Inda ta yi fice

A garuruwa irin su Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano, inda wutar KEDCO ba ta tsayawa, batir ne abin dubawa na farko. Cajar kwamfutar cinya kan ja wat 45 zuwa 65, ta hannu kuwa yawanci ba ta wuce wat 10 zuwa 25, don haka ƙaramar sola ko batirin ajiye wuta na iya cika ta. Da yawa daga cikinsu suna karɓar layin waya, ba sai an nemi wata na'urar intanet ba. Rubuta ƙ, ɗ da ɓ ma ya fi sauƙi, domin madannan Gboard suna da tsarin Hausa.

Mutanen yankin sun riga sun ga irin wannan na'ura tana aikin hukuma. BVAS, wadda hukumar INEC ta tantance masu jefa ƙuri'a da ita a zaɓen 2023, har da mazaɓar tarayya ta Rano, Bunkure da Kibiya, na'urar hannu ce mai aiki da Android. Darasin da ke cikinta shi ne, irin wannan na'ura ta fi ƙwarewa a aiki guda da aka tsara mata, musamman a fili. Dillalin hatsi da ke rubuta bashi, yana tura hotunan kaya ta WhatsApp, yana duba shigar kuɗi a manhajar banki, da wuya ya buƙaci fiye da haka. Haka ma malamin gona ko jami'in lafiya da ke tattara bayanai ƙauye-ƙauye.

Inda take gazawa

Akawun da ke shirya jadawalin albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko jami'in da ke rubuta rahoto mai shafuka da dama, zai takura. Buɗe takardu uku ko huɗu a lokaci guda yana da wahala a ƙaramin gilashi. Tsofaffin firintoci da yawa ba sa aiki sai an sanya masu manhajar Windows, wasu shafukan cike fom kuma ba sa buɗewa daidai. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, shi ma yana buƙatar sabawa da madannan rubutu na zahiri. Ana iya haɗa wa kwamfutar hannu madannai da linzami, amma kuɗinsu ƙari ne a kan farashinta.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ko a wani wuri, ya tambayi shekarar da aka ƙera na'urar, domin tsohuwar Android kan daina karɓar manhajojin banki. Ya kuma gwada batir da ramin caji, ya bincika ko ana samun gilashinta idan ya fashe. Wanda ya zaɓi kwamfutar cinya ta gwanjo kuwa ya sani cewa Microsoft ya sanya ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, kuma tsofaffi da dama ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya lissafa ayyukan da yake yi a mako. Idan akasarinsu dubawa ne da turawa, kwamfutar hannu ta wadatar. Idan kuwa dogon rubutu ne, lissafi mai yawa da buga takardu, kwamfutar cinya ce za ta fitar da shi.