Tarihin Gilashin Manne ga Koniyar da Tiyata Ta Sauya wa Siffa

Koniya ita ce fatar nan mai garau da ta rufe baƙin ido, kuma ita ke yin mafi yawan aikin tattara haske. Idan samanta ya yi tudu da kwari, tabarau ba ya iya gyara gani yadda ya kamata. Abin da ke taimakawa shi ne gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan idon. Hawaye sukan cike gurbin da ke tsakaninsa da koniya, sai haske ya shiga ta wuri mai sumul.

Wannan dabara ta girmi tiyatar gyaran gani nesa ba kusa ba. A 1888 Adolf Fick ya gwada ta a Zurich da babban gilashi mai zama a kan farin ido, amma ido ba ya jure shi sai na 'yan sa'o'i domin iska ba ta ratsa shi. Bayan Kevin Tuohy ya fito da ƙarami na roba a Amurka a 1948, aka kusa mantawa da babban.

A 1974 Svyatoslav Fyodorov ya fara tsattsaga koniya a Mosko don gyara rashin hangen nesa. Tsagar tana baje tsakiyar koniya, gefenta ya fi tudu, akasin halittarta. Wani bincike kan wannan tiyata da aka yi a Amurka, mai suna PERK, ya nuna a 1994 cewa kashi 43 cikin ɗari na idanun da aka bi shekara goma sun ci gaba da bajewa har ganinsu ya sauya sosai. Wasu masu tsagar sukan wayi gari da gani iri ɗaya, su kai yamma da wani. Sai tiyatar lesa ta zo: PRK a ƙarshen shekarun 1980, LASIK a 1990. A 1998 Theo Seiler ya ba da rahoton koniyar da ta yi rauni ta bulluƙo bayan LASIK. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ga wanda ya same shi babbar hasara ce, tunda ya je ne don ya rabu da tabarau.

Gilashi mai laushi yana bin siffar koniya, don haka amfaninsa kaɗan ne ga koniyar da tiyata ta sauya wa siffa. Ƙarami mai tauri kuwa yakan zame, ko ya tara kumfa a tsakiya. Shi ya sa aka koma ga wani samfurin da aka ƙirƙiro wajajen 1989, mai bajen tsakiya da lanƙwasar gefe. An kuma yi mai tauri a tsakiya da laushi a gefe, irin SynergEyes na 2005.

Sauyi mafi girma shi ne dawowar babban gilashin Fick. A 1983 Donald Ezekiel na Ostiraliya ya bayyana yin sa da robar da iskar oksijin ke ratsawa, Perry Rosenthal ya bunƙasa shi a Boston. Yana zama a kan farin ido kamar ƙwaryar da aka kife, ba ya taɓa koniya, kuma ana cika shi da ruwan gishiri mai tsafta kafin a sa. Ruwan yana kuma rage bushewar ido, wadda kan biyo bayan LASIK.

A yau zaɓi yana farawa da taswirar koniya da na'ura ke zanawa. Idan koniyar ta bulluƙo kuma bulluƙowar na ƙaruwa, akan fara ƙarfafa koniyar da sinadarin ribofilabin da hasken ultrabayolet, hanyar da aka tsara a Dresden kuma Amurka ta amince da ita a 2016, sannan a auna gilashin.